Fuskar Alheri a Bakin Iyaka

Tun da muka dawo ban huta da tambaya ba. A zumuntar mata ta coci ana tambayata, a bakin famfo ana tambayata, Hajiyar da nake yi wa kitso a Unguwar Rimi ma sai da ta sa na ajiye kibiya na ba ta labari, kitson awa biyu ya kai mu la'asar. Kowa kuma da inda take so: wata abinci, wata hanya, wata ko da gaske ne duk Nijar yashi ce. Na gaji da farawa daga farko, shi ya sa na sayi littafin rubutu. Aji biyu na yi a sakandare, wanda ya ga kuskure ya gyara a zuciyarsa.

Alheri ita ce 'yata ta fari. An haife ta da tsagaggen leɓe, na sama, tsagar ta hau har cikin hanci. Tun daga ranar suna na kafa doka biyu: ba hoto, ba leƙe. Kullum tana bayana da farin shawul a kanta, ko ana zafi ko ana sanyi. Gidanmu a Rafin Guza gidan haya ne, ɗaki tara, to ku lissafa idanu. Har wata maƙwabciya ta taɓa tambayata ko 'yar tsana nake goyo.

Tana wata bakwai wata nas da ke cocinmu ta ce likitoci baƙi za su zo wani asibitin mishan a Nijar, mako biyu kacal, aikinsu ɗinkin leɓe, kuma ta sa sunan Alheri. An ba mu rana. In muka rasa ta, sai wata shekara, in ma sun dawo. Baban Alheri walda yake yi, ya karɓi aikin ƙofofin wani gida, ba halin tafiya. Saboda haka Mama, uwarsa, ta ce da ita za a je. Tunda kuma uba ba ya cikin tafiyar, aka ce sai ya rubuta takardar yarda, a manna hoton yarinya, a buga hatimi.

Na je wurin wani mai hoto a Doka. Na sa ya rufe ƙofa, na ɗaga shawul, ya ɗauka, na mayar. Ya ce, "Madam, kar ki damu." Washegari ya miƙo mini hoto huɗu yana murmushi. Ya ɗinke leɓen a kwamfuta. Ya goge tawadar Allah da ke gefen kunnenta, ya ƙara mata fari, har gira ya gyara mata. Ya ce, "Kyauta na yi miki."

A nan ya kamata in yi magana. Ban yi ba. Na tsaya ina kallon yarinyar da ke hoton, wadda da ita na haifa da ban taɓa sayen shawul ba. Da na kai wa Baban Alheri, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Wannan 'yar waye?" Na ce haka ake yin fasfo yanzu, kowa ana gyara masa, ya duba nasa na katin ɗan ƙasa in ya yi kama da shi. Ya duba, bai yi kama ba. Ya tafi aka buga hatimi. Ɗaya daga cikin huɗun na sa a ƙarƙashin filo.

Mun tashi daga tashar Kawo da sassafe, ta Kano muka bi don direba ya ce hankalinsa ya fi kwanciya da nan. Mama ta ji an ce ba ruwa a Nijar, sai ta ciko jarka daga gida. Ta kuma ɗauko dafaffen ƙwai, da yaji, da garin acca, da tukunya. Kafin Jaji murfin jarkar ya saki, ruwa ya bi ƙarƙashin kujera ya jiƙa bakin babbar rigar wani Alhaji da ke zaune kusa da mu. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ɗaurin aure za shi Katsina. Mama ta ba shi haƙuri da ƙwai biyu. Ya karɓa.

Ni kuwa aikina ƙirga shinge ne. Duk inda mota ta rage gudu sai in ƙara jan shawul. Alheri ba ta iya kama nono sosai, tatsa nake yi in ba ta da cokali, kuma duk a ƙarƙashin shawul nake yi, da lalube. Bayan Zariya Alhaji ya kasa haƙuri.

"Baiwar Allah, yarinyar nan tana numfashi kuwa?"

"Tana yi," in ji Mama. "Uwarta ce ba ta yi."

Ta gaya masa komai, da ƙarfi, har na gaba suka juyo. Ta ƙare da cewa, "Kunya take ji wa Allah, wai ya yi kuskure."

"Mama, ban ce haka ba."

"Shawul ɗin ya ce."

Mama ba ta karatu, amma shekara hamsin tana zama a layin gaba a coci, kuma ba ta barci. Tana da nata fahimtar. Ta ce wa Alhaji, a Littafinmu an ce Allah ya yi mutum cikin kamanninsa. To ba wanda ya taɓa ganin Allah, sai ya rarraba fuskarsa ga mutane, kowa ɗan kaɗan. "Shi ya sa ba ka ganin biyu iri ɗaya. Mai buga bulo yana yin dubu, duk ɗaya. Shi kuwa tun Adamu yake yi, ido biyu, hanci ɗaya, baki ɗaya, kayan aikin ke nan, amma bai taɓa maimaitawa ba. In mutum ya ce mini ba Allah, tasha kawai zan kai shi ya zauna ya kalli mutane."

Alhaji ya ce su a wurinsu ba a kamanta Allah da komai, amma zancen tasha gaskiya ne, aya ce babba. Suka yarda a kan tasha.

Na ce, ni dai na taɓa tambayar Fasto, ya ce kamannin nan a ruhu yake, ba a nama ba. Gaskiya amsar ta yi mini daɗi lokacin, don ta cire leɓen daga maganar.

"Fasto ya yi karatu," in ji Mama, "amma bai taɓa haihuwa ba. Yakubu da ya haɗu da wansa Isuwa bayan shekaru, yana tsoron a kashe shi, me ya ce ya gani? Ruhu? Fuska ya gani, ya ce kamar ya ga ta Allah. Isuwa kuwa ba kyakkyawa ba ne. Ja ne, gashi ko'ina, kamar ɗan akuya."

Na so in tambaye ta wane ɓangare na fuskar Allah ne aka ba Alheri. Ban tambaya ba, don Mama tana da amsa, kuma da ƙarfi za ta bayar.

A Katsina muka kwana, a ɗakin baƙi na wani coci. Matar mai gadi ta kawo mana tuwon masara da miyar kuka, ta ce bari ta ga yarinya, na ce tana barci. Alheri ta yi atishawa. Fankar ɗakin tana juyawa kamar tana neman wanda za ta faɗo wa, sai na shimfiɗa zane a kusurwa, nesa da ita. Mama ta kwanta daidai ƙarƙashinta, ta ce in lokacinta ne ai ko a kusurwa za ta same ta.

Da safe muka shiga wata mota zuwa iyaka. A ɓangarenmu ba mu daɗe ba. A ɓangarensu aka ce kowa ya sauko da takardunsa. Wani jandarma, wato ɗan sandansu, dogo, siriri, da tsaga bibbiyu a kumatu, yana zaune a rumfa da ɗan kofin shayi wanda bai fi murfin kwalba ba. Ya karɓi katina, ya karɓi na Mama, ya karɓi takardar yarda. Hausarsu kamar tamu ce, amma sai ka ji kamar tsohuwa ce ta rene ta.

"Ina ɗiyar?"

"Ga ta a bayana, ranka ya daɗe."

"Buɗe."

Na duba rumfar. Mutum ya fi ashirin, da masu albasa, da mata masu fura, da direbobi. Na ce ko za mu shiga ciki. Ya ce ciki ba haske. Na kwance goyo, na ɗaga gefen shawul kaɗan. Ya sa biro ya ɗage shi gaba ɗaya. Ya kalli Alheri, ya kalli hoto, ya sake kallon Alheri. Fuskarsa ba ta canza ba ko kaɗan.

"Wagga ɗiya daban, wagga daban."

"Ita ce, wallahi ita ce. Mai hoto ne ya gyara."

"Ta hoton fara ce. Bakinta lafiya lau. Ba ta da tabo a kunne. Uban ya yarda a fita da wagga," ya buga yatsa a hoton. "Wagga kuwa ban san ɗiyar wa ba ce."

Ya ce ana wucewa da yaran mutane ta hanyar nan, kuma ba ya so ya zama shi ne ya buɗe wa wani ƙofa. Ya ce ko mu koma Kaduna a sake takarda, ko mu zauna har babbansu ya zo, in kuma babban bai gamsu ba, za a ajiye yarinyar a bincika. Ranarmu a asibiti gobe ce.

Ya tambaya ko ina da wani hotonta a waya. Wata bakwai, ko ɗaya babu. Na kira Baban Alheri, layinmu ya mutu tun kafin rumfar. Direbanmu ya fara sauke tukunyar Mama.

Mama ta matso ta ce, "Ɗana, dubi goshin nan, dubi nawa. Gadonmu ne."

"Iya, goshi irin wanga akwai shi cike da kasuwa."

Na ɗauka Mama za ta yi faɗa. Sai ta juyo ta dube ni, ta ce a hankali, karo na farko a tafiyar, "Saratu, ke kika yi wannan?" Na ce na gani tun a Doka.

Jandarman ya shanye shayinsa. Ya kira wata mai fura ya ce ta riƙe yarinyar. Ni kuma ya ce in juya musu baya, in fuskanci bango.

"In ɗiyarki ce, gaya mini fuskarta. Kar ki waiwaya."

Bangon rawaya ne, akwai ƙadangare a jikinsa. Na ɗauka ba abin da zan iya faɗa, don ni a tunanina wata bakwai ban dube ta sosai ba. Sai na ji bakina ya fara. Na ce tsagar tana hagunta, ba hagun mai kallo ba. Na ce ta hau cikin hanci, ƙofar hancin nan ta kwanta, ta dama kuwa a tsaye take. Na ce akwai tawadar Allah a gaban kunnen dama, girman ƙwayar gero. Haƙori ɗaya ya fito a ƙasa, na biyu yana hanya, dasashin ya yi fari a wurin. Girar hagu ta fi ta dama tsawo, kuma ita take ɗagawa in za ta yi kuka, kamar kakanta. Akwai ɗan karce a haɓa, farcenta ne na shekaranjiya. Gashin idonta ya fi nawa. Na ce in aka hura mata iska a goshi za ta yi dariya, kuma in ta yi, bakin yana buɗewa har sama, duk fuskar ce take dariya, ba irin tamu ba da rabi take a rufe.

"Ya isa," in ji shi.

Ban tsaya ba. Sai da na kai kan kumatu.

"Madam, ya isa, na ce."

Sai na ji ya hura mata iska. Alheri ta ƙyalƙyale. Mai furar ta ce, "Kai, wagga da fara'a take!" Wani mai albasa ma ya yi dariya. Ba wanda ya kau da kai, ba wanda ya ce subhanallahi. Na juyo na ga mutum ashirin suna kallon 'yata, ita ma tana kallonsu, don ba ta taɓa ganin mutane da yawa haka ba.

Ya ce in riƙe ta kusa da fuskata, ya ɗauke mu hoto da wayarsa saboda shaida, ya yi rubutu a bayan takardar da Faransanci. Da ya miƙo mini, ya ce, "Kin san ta haka, mi ya kai ki yawo da hoton ɗiyar da babu?" Mama ta ba shi ƙwai. Bai karɓa ba. Shawul kuwa a bencin rumfar na manta shi, sai da muka yi nisa na tuna, kuma direba ba mai juyawa ba ne.

Masu tambayar yashi: akwai, amma akwai gero, akwai ruwa, jarkar Mama ta sha kunya. Burodinsu dogo ne kamar sanda, a hammata ake ɗaukarsa, ba leda, kuma yana yanka dasashi. Suna cin zogale da ƙuli kamar mu, sai dai su da rana tsaka suke ci su ƙoshi. In rana ta take, gari yakan mutu, kowa ya kwanta, har mai shago. Mama ta ce da a Kaduna ne da an kwashe shagon. A cocin asibitin waƙoƙinmu suke yi, amma a hankali, kamar ba su da abinci a wuta.

Masaukin masu jinya doguwar rumfa ce, kowa da tabarmarsa da murhunsa. Abin da ban shirya masa ba shi ne, duk yaran rumfar irin Alheri ne. Na ƙirga sha tara. Wani a dama, wani a hagu, wani duka biyu, har da wata budurwa da ta kai ni shekaru. Ba shawul ko ɗaya. Wata Buzuwa da ke tabarmar kusa da mu ta leƙa Alheri, ta taɓe baki, ta ce, "Wannan ɗan kaɗan ɗin ne ya taso ku daga Kaduna?" Ta nuna mini nata, da alfahari. Na ji haushi, wallahi. Na ce tamu ma ta hau har hanci.

Mama ta zauna tana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Kin gani? Ko a nan bai maimaita ba."

Likitar da ta yi aikin Baturiya ce, Hausarta irin ta Littafi Mai Tsarki, "hakika" da "ga shi kuwa". Aka hana Alheri abinci tun asuba, aka karɓe ta da hantsi. Ba zan rubuta jiran ba, don ba abin da ya faru a cikinsa, na dai tsinke zaren bakin zanena kusan kamu guda. Da aka fito da ita, an ɗaure mata hannu da kwali don kada ta taɓa ɗinkin. Leɓen ya haɗu, ya kumbura, da baƙin zare. Kowa yana cewa barka. Na dube ta, na ga wata yarinya. Ba ta hoton Doka ba ce, ba kuma wadda na faɗa wa bango ba ce. Na fashe da kuka, nas ta ɗauka murna ce.

Mama ce ta gane. Ta ce, "Wancan bakin kike nema?"

Na ce sai a tafiyar nan kawai na bari aka gan shi, Mama, ga shi ya tafi.

"Bai tafi duka ba, tabo zai tsaya. Yesu da ya tashi ai bai goge nasa ba, da shi Toma ya gane shi. Da mai hotonki ne ya fara samunsa, da har yau Toma yana gardama."

Kwana takwas muka yi aka cire zare. A hanyar dawowa mun iso rumfar nan da rana tsaka, wato lokacin da gari yake mutuwa. Wani daban ne a kan tebur, ya buga mana hatimi muka wuce. Na ce wa direba ina zuwa. Na zagaya baya na sami dogon jandarman a kwance a kan tabarma, hula a fuska. Ni da nake tsoron ɗan sanda ko a talabijin, na tsaya a kansa na yi sallama sau uku.

Ya ɗaga hular, ya dubi Alheri, ya ce, "Yanzu kuma ta uku kika kawo mini?"

Na ce hoton nan nake roƙo, in bai goge ba. Ya daɗe yana nema, ya wuce hotunan raguna, da takardu, da wani biki. Direba yana ta danna hon, Mama tana ce masa ya danna da kyau, ba inda za mu. Ya same shi, ya tura mini waya da waya, ya mayar da hularsa. Shawul ɗina na hango a kan ƙwaryar mai fura, ta rufe furarta da shi. Na bar mata.

Satin da muka dawo na cire na ƙarƙashin filo na kai wa mai hoton Doka abinsa, na ba shi na wayata ya wanke mini babba. Ya duba ya ce hoton ya karkace, ga ɗan yatsan wani a gefe, ga buhun albasa a baya, ni kuma idona ya kumbura. Ya ce minti biyar zai gyara duka.

Na ce, "Kar ka taɓa komai."

"Ko haske, Madam?"

"Ko haske."

Yana nan a bangonmu, sama da talabijin, kusa da na aurenmu. Alheri tana dariya a ciki, bakin a buɗe har sama. Duk wadda ta zo ganin ɗinki, shi nake fara nuna mata, sannan in kwance goyo.